A Bar Yara Su Shiga Madafa Lokacin Hutu

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantun boko suna rufe, yara suna gida mako shida ko fiye. A gidaje da yawa ba abin da ake ji sai, "Ku fita, kun cika min wuri!" Uwa tana fama da hayaƙi ita kaɗai, 'ya'yanta suna gaban talabijin ko suna yawo a unguwa, ba a ganinsu sai an kwashe tuwo. Wannan asara ce babba. Girki sana'a ce da ake koyonta a gindin murhu, kuma ba lokacin da ya fi hutu dacewa, tun da babu saurin tafiya makaranta.

Ai yara da kansu suna nuna sha'awa. Dubi 'yan mata ƙanana a bayan ɗaki da gwangwanin madara, suna tuƙa tuwon ƙasa suna yanka ganye a matsayin miya. Abin da ya rage ga iyaye shi ne su mai da wasan nan ya zama aiki.

A ba kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ɗan shekara 4 ko 5 yana iya tsince wake da zage ganyen zogale. Na shekara 7 ko 8 ya tankaɗe gari, ya daka daddawa, ya auna shinkafa da gwangwani, a nan ma lissafinsa zai ƙara zama. Wuƙa da wuta sai wanda ya haura shekara 10, shi ma da babba a tsaye.

In za a fara, a fara da ɗanwake, don yara suna sonsa kuma ba ya cin lokaci. Yaro ya haɗa garin wake da na rogo da 'yar kuka, uwa ta tsiyaya masa ruwan kanwa, ya kwaɓa har ya yi danƙo. A bar shi ya ji da hannunsa: in ya yi ruwa zai watse a tukunya, in ya yi tauri sai an sha wahalar tauna. Babbar yaya ta riƙa jefawa a tafasasshen ruwa, ƙanana su tsaya nesa kaɗan su ga yadda yake nutsewa sannan ya taso sama. In ya dahu a tsame a ruwan sanyi, a zuba mai da yaji. Ranar nan ba mai cewa ya ƙoshi da wuri. Tuwo kuwa a jinkirta shi, don talge yana tsalle yana ƙuna, kuma juya muciya sai mai ƙwari. In ranar ta zo aka ga gudaji, kada a yi wa yarinya dariya gaban baƙi. A nuna mata yadda ake barbaɗa gari kaɗan-kaɗan, gobe ta sake.

Akwai masu cewa madafa ba wurin ɗa namiji ba ce. To, mai shayi da mai tsire da mai kilishi duk maza ne, ba wanda ya taɓa raina su. Yaron nan wata rana zai tafi jami'a, ya tafi bautar ƙasa ta shekara guda a garin da bai san kowa ba, ko matarsa ta kwanta rashin lafiya yara suna kukan yunwa. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida. Uba ya fara shiga, ɗa zai biyo shi.

Sai dai madafa wuri ne na hatsari, rigakafi kuwa ya fi magani. Dogon hutu da damina yake zuwa, lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa, saboda haka kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, a wanke ganye da ruwa mai tsabta, a rufe kwano saboda ƙuda. Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo, yara da yawa sun sha shi a zaton abin sha ne. Hannun kasko ya fuskanci bango. In mai ya kama da wuta, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi, kada a watsa ruwa, don wutar tashi za ta yi. Masu tukunyar gas su koya wa yara warinsa, in an ji shi a buɗe taga, kada a ƙyasta ashana. In yaro ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, ban da ƙanƙara. Manja da man goge baki da ɗanyen ƙwai da akan shafa ba magani ba ne, ƙazanta suke sa wa ciwo. In ƙunar ta yi faɗi, ko ta taɓa fuska ko hannu, a garzaya asibiti.

Gaskiya ne aiki da yara yana ja da girki baya, gari ya zube, gishiri ya zarce. Uwa ta daure. Iyaye, ku ware ko da yini biyu a mako, ku ba kowane yaro abinci ɗaya da zai iya dafawa shi kaɗai kafin a koma makaranta.