Yadda Ake Rage wa Kare Ƙiba Kafin Lokacin Farauta

A ƙauyukan Rano da Kibiya, da zarar damina ta kankama sai farauta ta tsaya. Ciyawa ta rufe daji, mafarauta sun koma gona, karen da ya saba tsere a tsakanin duwatsun Rurum ya koma ɗaure a gindin bishiya. Kullum ana juye masa ragowar tuwo da ƙanzo da kitsen da aka samo wurin mahauta. Kafin kaka ta kama ƙugunsa ya cike, ɗan gudu kaɗan sai haki. Ƙananan karnukan waje masu gajerun ƙafafu, waɗanda wasu ke ajiyewa a gida, sun ma fi saurin tara kitse, domin lomar da babban kare ba zai san ya ci ba, a wurinsu cin rana guda ne.

Da yawa na ɗaukar ƙiba shaidar kulawa, alhali tana lalata gaɓoɓi, ta wahalar da numfashi, ta rage tsawon rai. A wani binciken Amurka da aka fitar a 2002, an bi karnuka 48 'yan nau'in Labrador tsawon rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara 2.

Mataki na 1: A tabbatar ƙiba ce

Mai kare ya shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu. Idan jikin daidai yake, zai ji haƙarƙari ba tare da ya danna ba, kamar yadda ake jin ƙasusuwan bayan hannu. Sannan ya tsaya a kansa ya duba: ya kamata ƙugu ya ɗan tsuke a bayan haƙarƙari. Likitocin dabbobi na auna wannan da maki 1 zuwa 9, inda 4 da 5 su ne daidai.

Amma ba kowane tumbi ne ƙiba ba. Ciki ya kumbura alhali haƙarƙari na waje, musamman ga kwikwiyo, sau da yawa tsutsar ciki ce. Karya kuma tana iya kasancewa ɗauke da ciki, wanda kan ɗauki kimanin kwana 63. Waɗannan ba a rage musu abinci. Wurin malamin dabbobi ake kai su.

Mataki na 2: A auna nauyi

Mutum ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa ɗauke da karen, ya cire na farko daga na biyu. A rubuta, a riƙa maimaitawa duk mako biyu. Ragin da ba ya cutarwa shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a mako. Wato kare mai kilo 10 ya riƙa sauke giram 100 zuwa 200.

Mataki na 3: A gyara kwanon abinci

Nan ne aikin yake. A daina zuba abinci da ido. A ware gwangwani guda na awo, a rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saba ci, a raba shi biyu, safe da yamma. A janye kitse da ƙanzo da abinci mai maiƙo. A rage tuwo, a ƙara tsokar nama marar kitse, ko dafaffen ƙwai, ko kifin da aka zare wa ƙaya. Dafaffiyar kabewa da karas suna cika masa ciki ba tare da sa ƙiba ba.

A kiyayi ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke maƙogwaro ko hanji. Kada a hana shi ci gaba ɗaya da sunan horo, kuma ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa koyaushe.

Mutum ɗaya ya riƙe ciyarwa. Idan maigida ya auna, uwargida ta ƙara, yara suka jefa masa ƙosai, aikin ya koma baya.

Mataki na 4: A kwance igiya

A fara da tafiyar minti 10 zuwa 15, bayan sallar Asuba da kuma dab da Magariba. Duk mako a ƙara minti biyar har a kai rabin awa. A makonnin farko a bi hanyar gona mai laushi. Hawan dutse sai nauyi ya ragu, musamman ga mai gajerun ƙafafu.

Kare da haki yake fitar da zafin jiki, saboda haka ba a fita da shi da tsakar rana. A ɗora tafin hannu a ƙasa: idan mutum bai iya jurewa ba, ƙafar kare ma za ta ƙone. Da ya fara tangaɗi ko zubar da yawu mai kauri, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a ba shi ruwa.

Mataki na 5: A duba sakamako

Idan wata guda ya wuce sikeli bai motsa ba, a fara bincika ko wani na ƙara masa a ɓoye. In babu, a kai shi asibitin dabbobi, domin akwai cututtukan da ke sa ƙiba da kasala. A nan kuma a nemi allurar rigakafin haukan kare.

Karen da ake so ya sauka daga kilo 10 zuwa 8 yana buƙatar mako 10 zuwa 20. Don haka mafaraucin da ke son fita da shi a Janairu, ya fara awo tun farkon Satumba.