Yadda Ake Tace Allurar Ciwon Sukari

Wasu masu ciwon sukari ba sa iya rayuwa sai da allurar insulin. Daga nan Hamdara, wasunmu sukan je har babban asibitin Damagaram neman ta. Mukan ji ana tambaya: shin daga jikin alade ake samo ta?

A da, haka ne. Tun daga shekarar 1922 ana samo insulin daga kayan cikin shanu da aladu. A 1978 masana a Amurka suka sa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu suna bakteriya, su riƙa yin insulin irin ta jikin mutum. A 1982 aka yarda a ba marasa lafiya ita. Yau mafi yawan insulin bakteriya ko yis ne ke yin ta.

Ana kiwon bakteriyar cikin manyan tankunan ƙarfe, ana ciyar da su da sukari. To, abin da ke cikin tankin bai zama magani ba tukuna. Mu manoma mun san gero a zangarniya ba tuwo ba ne. Sai an sussuke, an sheƙe, an surfa, an wanke, an niƙa, an tankaɗe.

Haka nan ma. Da farko a fasa bakteriyar, domin insulin tana cikin cikinsu. A juya ruwan da ƙarfi cikin na'ura, mai nauyi ya kwanta. A wanke shi, a narkar, a zuba cikin dogayen bututai cike da ƙananan ƙwayoyi kamar rairayi. Ƙwayoyin su riƙe insulin, ƙazanta ta wuce. Ana maimaita wannan sau da yawa, saboda ɓawon bakteriya yana da dafi. Ko kaɗan ya shiga jini, zazzaɓi mai tsanani ke nan.

Duk wannan aiki, zafin rana yana iya ɓata shi. Mu ajiye insulin a firiji, amma kada ta daskare. In babu firiji, mu sami tukunyar ƙasa irin ta Miriya, mu zuba jiƙaƙƙen rairayi, mu sa kwalbar a leda mu binne ciki, a inuwa. Kwalbar da aka buɗe takan yi kamar mako 4. Wadda ta yi gudaji a yar da ita. Kada mu saya a hannun masu talla a kasuwa, sai a kantin magani.