Amsoshin Wasiƙunku: Maganin Cinacalcet da Ƙoda

Wasiƙar farko daga Malbaza take, kan ƙwayar cinacalcet da likitoci ke rubuta wa wasu masu wankin ƙoda a Yamai ko Sakkwato: wai tana canza ƙwayoyin gado na ƙoda?

Ba ta taɓa gadon kansa, sai dai ta ƙara ko ta rage aikin wasu ƙwayoyinsa. In ƙoda ta gaza, fosfet yakan taru a jini, kalsiyam ya ragu. Daga nan wasu ƙananan tsokoki huɗu da ke wuya, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, sai su dinga zuba sinadarin PTH ba ƙaƙƙautawa, shi kuma ya dinga tatse kalsiyam daga ƙashi har ƙashin ya yi rauni. A jikin tsokokin akwai ma'aunin kalsiyam da Edward Brown da abokan aikinsa suka gano a 1993. Cinacalcet, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, yaudarar wannan ma'aunin yake yi, ya ɗauka kalsiyam ya wadata, sai PTH ya sauka. Ɗan uwansa etelcalcetide ya biyo baya a 2017, allura ce da ake yi a ƙarshen wanki.

To, ma'aunin nan har a bututun ƙoda akwai shi. Gwaji kan ɓeraye ya nuna in cinacalcet ya motsa shi, ƙwayar gado mai samar da furotin claudin-14 takan ƙara aiki. Furotin ɗin yakan toshe hanyar da kalsiyam ke bi tsakanin ƙwayoyin bututu ya koma jini, don haka sai ya bi fitsari. A lura, ɓera ba mutum ba ne, kuma wanda ƙodarsa ta daina fitsari, amfanin maganin a tsokokin wuyansa yake.

Ana shan sa da abinci. Yana kawo tashin zuciya da amai, kuma in yatsu ko leɓe suka fara tsikari, ko jijiyoyi suka ɗaure, kalsiyam ne ya yi ƙasa, a garzaya asibiti.

Daga Illela kuma: ko jiƙon kanwa zai maye gurbinsa? Tambayar nan ta zama ƴar gida a wannan fili. A'a. Gishirin da ke cikin kanwa ƙarin nauyi ne ga mai ciwon ƙoda.

Mai tambayar farashinsa a kasuwar Konni kuwa, ba maganin tebur ba ne, sai da gwajin jini da takardar likita. Agogo ya cika, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa.