In bar 'yar shekara huɗu ta kalli The Lion King?

Anti,

Yarana biyu, namiji ɗan shekara tara da ƙanwarsa mai huɗu. Babansu ya sa an tura musu The Lion King a waya, ya ce ai katun ne, na yara ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba, domin yarinyar akwai tsoro. Ko kukan mage ta ji da dare sai ta lallaɓo gadona. In kuma na hana ta na bar yayanta, ranar gidan ba zai zaunu ba. Yaya zan yi?

Maman yara, Zariya

'Yar'uwa,

Maigida yana da hujjarsa. Lokacin da Disney ya fitar da fim ɗin a 1994, alamar G aka ba shi a Amurka, wato kowa na iya kallo. Sai dai masu sa alamar nan ashar da tsiraici da zubar jini suka fi dubawa, kuma ba su san 'yarki ba.

Bari in gaya miki abin da ke ciki. Scar ne ya wurgo yayansa, sarki Mufasa, daga kan dutse cikin garken dabbobi masu gudu. Sai ɗan zaki Simba, ɗan Mufasa, ya zo yana ture gawar da kai, yana jan kunnen uban don ya tashi. Da ya gaji, ya kutsa ƙarƙashin hannunsa ya kwanta. Ko ɗigon jini babu. Ana cikin haka baffan nasa ya iso, ya ɗora masa laifin, ya ce ya gudu kada ya dawo. Wannan wurin ya fi kurayen fim ɗin tayar mini da hankali. Ɗan shekara tara zai gane makirci ne. Mai huɗu kuwa tana iya ɗauka da gaske ƙiriniyar yaro kan kashe uba, ga shi kuma wanda ya faɗa baffa ne, da kullum ake ce mata shi ma uba ne.

Can gaba marigayin yana bayyana a cikin gajimare yana magana. Tanadi amsa, ko yayan ma zai tambaya.

Duba kuma wanne aka tura. Na 2019 alamarsa PG, ya kusa awa biyu, kuma dabbobin kamar na gaske suke; wannan kam ban yarda ta gani ba.

Tsohon ma da ni ce sai ta kai shida ko bakwai. Ki kalla ke kaɗai in sun yi barci, bai cika awa ɗaya da rabi ba. Yaron ya kalli nasa tare da babansa lokacin da take barcin rana, ita kuma a nemo mata katun ɗin Akili and Me, akwai shi da Hausa. In rigima ta ci ƙarfinki, to da rana, tana kan cinyarki, wayar a hannunki, da kin ga garken ya fara gangarowa kwari ki tsallake wurin.