Filasko: Amfaninsa da Iyakarsa

Ya mai karatu, in ka bi saurukan ƙasar Tsanyawa da damina, za ka ga wani ɗan tsiro mai fure rawaya, wanda bai cika wuce gwiwa ba. Shi ne filasko. Magani ne na gaske, amma aiki ɗaya ya ke yi.

1. Tarihinsa

Filasko ɗan'uwan sanamaki ne, wanda likitocin Larabawa su ka yi aiki da shi fiye da shekara 1,000 da su ka wuce. A da, daga Sudan a kan kai ganyen sanamaki Masar, daga can kuma zuwa Turai. A shekara ta 1916 Likita Dalziel ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa, ya sa filasko a ciki. A 1941 kuwa masana a ƙasar Suwizalan su ka ware sinadarin da ke cikin sanamaki, a na ce da shi senosayid. Irinsa ne ke cikin filasko.

2. Aikinsa

Sinadarin nan ya kan sauka har babban hanji, ya motsa shi, ya kuma tara ruwa a ciki. Bayan awa 6 zuwa 12 sai ciki ya sake. Saboda haka maganin taurin bayan gida ne. Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya warkar da shawara. Wankin ciki ba ya fitar da kowace cuta.

3. Waɗanda ba za su sha ba

Mai ciwon ciki mai tsanani tare da amai, kada ya sha. Wataƙila hanjinsa ne ya ƙulle ko ya kumbura, filasko kuwa zai ƙara ɓarna. A kai shi asibiti nan da nan.

Mai zawo kada ya sha, gama ruwan jikinsa zai ƙare.

Mace mai ciki da ƙananan yara, sai da izinin likita.

Babba mai lafiya ma kada ya wuce kwana 7 ya na sha, domin gishirin jini ya kan ragu, jiki ya yi rauni. Ganyen daji ba shi da ma'auni, sai a fara da kaɗan.

A kuma lura da ɗan'uwansa, rai ɗore. A Indiya ta Arewa likitoci sun gane cewa 'ya'yansa sun kashe yaran da su ka ci su da yawa, ta wurin lalata hanta. Ku hana yara cinsu.

Tambayoyi

(a) Wane aiki ne filasko ya ke yi?
(b) Su wa ne ba za su sha ba?
(c) In maƙwabcinka ya na murɗar ciki da amai, me za ka yi?