Darasi Na Goma Sha Huɗu: A San Irin Tafet Kafin A Gyara Bawul

Yawancinmu a nan ƙasar Kiru manoma ne, amma mota ce ta ke kai mana amfanin gona kasuwa. Waɗansunmu suna da tsohuwar mota, waɗansu kuwa 'ya'yansu suna koyon aiki a gareji. In inji ya fara ƙara, kas kas kas, sai mu ce, "A ɗaure bawul." To, mu dakata tukuna. Akwai abin da ya wajaba mu sani kafin a ɗauki sufana.

Bawul ƙofa ce a cikin inji. Wata tana shigar da fetur da iska, wata tana fitar da hayaƙi. Wani ɗan ƙarfe ne ya ke tura ta ta buɗe, sunansa tafet. Tafet iri biyu ne.

Na fari ƙarfe ne zalla. Mun san ƙarfe ya kan ƙara tsawo in ya yi zafi. Saboda haka a kan bar masa 'yar tazara. A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Injin fetur na 504 irin wannan tafet gare shi. Tazarar bawul ɗin shiga milimita 0.10 ce, watau kamar kaurin takardar nan da mu ke karantawa. Ta bawul ɗin fita 0.25 ce. Sai inji ya huce sarai a ke aunawa.

Na biyu shi ne mai aiki da baƙin mai, wanda makanikai su ke kira haidirolik. Cikinsa rami ne. Baƙin mai ya kan shiga ya cika shi, ya toshe tazarar da kansa. Irinsa ne a injin fetur na Golf 3. Shi ba a bar masa tazara.

Ina amfanin sanin wannan? In aka ɗaure na ƙarfe zalla tam, inji ya yi zafi, bawul ba za ta rufu daidai ba. Wuta za ta riƙa lasar bakinta har ta ƙone. In kuwa aka buɗe wa haidirolik tazara, ƙara za ta ƙaru, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe, mota ta rasa ƙarfi. Wanda ya taso daga Kwanar Dangora da lodi, ya wuce Tudun Wada, ba ya so inji ya ci amanarsa a tsakiyar dajin Falgore.

Ga hanyoyi huɗu na ganewa.

1. Mu karanta. Mu duba littafin motar, ko takardar da aka manna a ƙarƙashin murfin inji. In an rubuta yawan tazara, tafet ɗin na ƙarfe zalla ne. Amma mu tambaya ko an taɓa sake inji, gama sau da yawa jikin mota daban, injinta daban.

2. Mu saurara. Na ƙarfe zalla yana da 'yar ƙara siririya kullum. Haidirolik ya kan yi ƙara da safe, in mai ya hau sai ya yi shiru.

3. Mu taɓa. A kashe inji, a zare makulli, a buɗe murfin bawul. A juya inji da hannu har bawul ta rufu. Sa'an nan a girgiza ƙarfen da ya ke danna kanta. In ya yi ɗan motsi, har ma'aunin tazara ya shige, na ƙarfe zalla ne.

4. Mu danna. In injin mai sanda ne, a danna wajen sandar da ƙotar guduma, a daɗe ana dannawa. Haidirolik zai nutse sannu sannu. Na ƙarfe zalla ba ya nutsewa ko kaɗan.

Kada ganin noti ya ruɗe mu. Akwai injin haidirolik mai notin gyara, amma ka'idar ɗaurinsa daban ce, tana cikin littafinsa. Sau da yawa ma maganin ƙararsa shi ne a juye tsohon baƙin mai a zuba sabo.

In muka yi shakka, mu tambayi babban makaniki. Matambayi ba ya ɓata. Mu lura kuma, hanyar farko karatu ce. Wanda ya iya karanta 0.10 da 0.25 ba zai yi wa motarsa gyaran gangar auzinawa ba.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin bawul?
2. Don me a ke bar wa tafet na ƙarfe zalla tazara?
3. Me ya ke cika tafet na haidirolik?
4. A ɗebe 0.10 daga 0.25. Nawa ya rage?

Rubutu: Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinsa: bawul, tafet, tazara, inji.