Darasin Wannan Wata: Yaron Da Ya Ke Ƙin Abinci

'Yan'uwa, a taron ƙungiyoyinmu mun sha yin magana a kan tamowa wadda rashin abinci ke kawowa. Yau za mu duba wata matsala dabam: ga hatsi cike da rumbu, amma yaro yana ramewa domin ya ƙi ci.

Yara da yawa sukan yi zaɓen abinci, wannan ba ciwo ba ne. Amma in abin ya daɗe har yaro ya rame ko ya daina girma, to, ya zama ciwo. A shekarar 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa masa suna ARFID. Yakan kama manya ma. Ba taurin kai ba ne, ba kuwa tsoron ƙiba ba.

Ciwon yakan zo ta hanya uku. Wani yaro ƙyama ya ke ji: warin daddawa ko yauƙin kuɓewa sai ya tayar masa da zuciya. Wani tsoro ya ke ji, domin ya taɓa ƙwarewa ko yin amai mai tsanani. Wani kuwa ba ya jin yunwa sosai. Ƙarshensa ƙarancin jini ne, ko dundumi, ko tamowa.

Abin da za mu yi:

1. Mu kai yaron asibiti a duba ko tsutsar ciki ce, ko zazzaɓi, ko gyambon baki. A riƙa auna shi kowane wata. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in kaurin dantsensa bai kai santimita 11.5 ba, yana cikin haɗari.

2. Mu bar ɗura da duka. Ɗura takan tura kunu cikin huhu, ta kuma ƙara wa yaro tsoro.

3. Mu ƙarfafa abin da ya yarda da shi. In kunu ne, a ƙara garin gyaɗa ko na waken suya kaɗan kaɗan.

4. Sabon abinci, a sa loma ɗaya kusa da wanda ya saba. Yau ya duba, gobe ya taɓa, wata rana ya ɗanɗana. Sai a gwada sau goma ko fiye, a kuma yaba masa kowane ƙoƙari.

Tambaya domin tattaunawa: Akwai irin wannan yaro a ƙauyenmu? Wa zai raka uwarsa asibiti? Zumuntar mata su ɗauki wannan aiki. Ubangiji ya ba mu haƙuri.